Taekwondo, aikin biro da yara uku a Yamai: yaya ake raba sati?

Baban ƴan biyu, Talaje

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan ciki da waje. Shekaruna 37. Na yi taekwondo tun ina lise har na kai jar ɗamara, sannan na ajiye, yanzu kuma ina son in koma. Aikin biro nake a Filato, muna tashi ƙarfe 5 da rabi na marece, ran Juma'a kuma da rana. Gida yana Talaje. Kulob ɗin da na yi rajista yana kusa da filin wasa na Seyni Kountché, ana antirenma Litinin, Laraba da Juma'a daga ƙarfe 6 zuwa 8 na dare, sai Asabar daga 7 zuwa 9 na safe. Maiɗakina malamar lakwal ce. Yaranmu uku, ƴan biyu masu shekara 7 da ƙaninsu mai shekara 2.

In na fara da zafi-zafi ba na nisa sai abin ya tsinke: yau taro a biro, gobe yaro ba lafiya, jibi gajiya, ga ƙorafi a gida cewa ba a ganina. Sau nawa a sati ya isa mutum ya ci gaba ba tare da ya yaudari kansa ba? Me za a iya yi a gida? Yaya ake yi da zafin bazara da azumi? Na gode.

Metir, mai horar da taekwondo, Bukoki

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun daga lissafin lokaci matsalar take. A takardar kulob an rubuta awa 2, amma mutanen gida ba awa 2 suke gani ba. Ka tashi biro 5 da rabi, ka iso ka sa dobok, wato kayan taekwondo, a fara ƙarfe 6, a tsaya sallar magariba, a gama ƙarfe 8. Kafin ka canza kaya, ka gaisa da mutane, ka hau moto zuwa Talaje, 9 saura kwata ta yi, ƴan biyu sun yi barci ko suna gyangyaɗi. Wato ran antirenma tun fitar safe yara ba su sake ganinka ba sai gobe. Sau uku a sati, ga kuma Asabar. Ko wane magidanci aka ba wannan tsari ba zai riƙe shi ba.

Ka ɗauki kwana biyu na kulob ka kafe su: Laraba da marece, Asabar da safe. Litinin ce ranar da taron biro ya fi ja. Juma'a kuwa tarko ce ga mai tashi da rana, don in ka dawo masallaci ka ci abinci ka kishingiɗa, sake fita ƙarfe 5 da rabi sai mai taurin rai. Ran Laraba daga biro za ka wuce kai tsaye, kada ka biya gida da sunan ajiye kaya. Jaka a harhaɗa ta tun daren Talata: dobok, ɗamara, robar haƙora, masu kare ƙwauri da hannu, tawul, ruwa lita ɗaya da rabi, da dabino ko ayaba da za ka ci wajen ƙarfe 4 da rabi.

Ka gaya wa metir ɗinka a fili cewa kwana biyu za ka riƙa zuwa. Mai horarwa na ƙwarai ya fi son wanda ya san ranar zuwansa a kan mai alkawarin kwana huɗu da ba a san yaushe za a gan shi ba. In ya sani, zai ba ka a waɗannan ranakun abin da ba ya yiwuwa sai da abokin yi: dukan raket (abin da aboki ke riƙe maka kana shuri), auna tazara, komba (karawa da aboki), da gyaran kuskuren da kai ba ka gani a jikinka. Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ɗauko azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017, yara da samari suka yi ta shigowa taekwondo, kuma jadawalin kwana huɗu domin su aka yi shi, ɗalibai marasa iyali masu harin gasa. Kada ka auna kanka da su.

Sauran aikin a tsakar gida za a yi shi, minti 25 sau biyu. Litinin da asuba na ƙarfi ne. Minti 5 na farko ɗumama jiki: tsallen igiya minti 3, sannan juya idon sawu, gwiwa, ƙugu da kafaɗa. Sai zagaye uku na minti 2 da hutun minti 1 a tsakani, yadda ake yi a gasa: tafiyar ƙafa gaba da baya, canza tsayuwa, shuri a iska, ba tsayawa har agogon waya ya yi ƙara. Bayan nan tsugunno 15, pomp 10, tashi a kan yatsun ƙafa 20, da dafa ƙasa da gwiwar hannu jiki miƙe na daƙiƙa 30. Ka yi jerin nan sau biyu, minti 7 ke nan. Minti 4 na ƙarshe miƙa jijiyoyi, kowace miƙa daƙiƙa 30, ba girgiza.

Juma'a da asuba mai sauƙi ce tunda gobe akwai kulob. Poomsae za ka yi, wato tsararren jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai, na jerin Taegeuk ɗin da ka sani daga na farko zuwa inda ka tsaya, a hankali. Sannan ka dafa bango ka yi ap chagi (shurin gaba), dollyo chagi (shurin kewayo) da yop chagi (shurin gefe) goma-goma kowace ƙafa, ka riƙe ƙafar a miƙe daƙiƙa 2 kafin ka naɗo ta. Wannan shurin na sannu shi ke gina ƙugu, kuma shi ne ba a samun lokacinsa a kulob. In ƙasan gidan siminti ne ka sa takalmin gudu wajen tsalle, don tsalle ba takalmi a kan siminti shi ke kawo ciwon ƙwauri da agara. Tabarmar roba kuma zamewa take, a ɗauke ta.

Abin da ya fi kayar da masu dawowa irinka shi ne kansu ya tuna shurin shekara 18, jijiyarsu ba ta tuna ba. Tsoka tana dawo da ƙarfinta cikin ƴan satittika, amma jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi sai ta ɗauki watanni. Kamar tsohuwar robar cikin tayar moto ce da ta sha rana: a ja ta a hankali ta miƙe, a fizge ta ta tsinke. Wurare uku take tsinkewa, naman bayan cinya, matsematsi da agara. Don haka sati shida na farko shurinka kada ya wuce tsayin ɗamara, ba shurin tsalle, ba shurin juyi, komba kuma na taɓawa kawai. In ka makara ka tarar an gama ɗumama jiki, kada ka faɗa layi don kunya. Ka tsaya gefe ka yi minti 10 naka.

Ranar da Laraba ta kuɓuce, Juma'a da marece ce madadinta, sai ka sassauta Asabar. In duka sun kuɓuce, sun tafi ke nan. Ba a biyan bashin antirenma ta hanyar ninka na gaba.

Malama mai judo, Yantala

Metir, a gafarce ni, tsarin ya yi kyau amma an tsara shi ba a tambayi uwargida ba, alhali ita za ta ɗauki nauyinsa.

Baban ƴan biyu, awoyin gida ba farashinsu ɗaya ba. Masu tsada biyu ne: daga ƙarfe 6 zuwa 7 da rabi na safe, lokacin wanka da karin kumallo da neman takalmin da ya ɓace kafin a tafi lakwal, sai kuma daga magariba zuwa bayan isha'i, lokacin aikin gida na ƴan lakwal, tuwon dare da rigimar ƙarami. Duk minti ɗaya da ka cire daga nan, a kanta yake faɗawa. Minti 25 na asuba da Metir ya ce yana yiwuwa a watan Mayu ko Yuni, da ake sallar asuba wajen ƙarfe 5 da ƴan mintoci. A Disamba da Janairu kuwa asuba sai wajen ƙarfe 6, rana ba ta fitowa sai 7 ta wuce, ga ɗora ruwan zafi na wankan yara uku. A wannan lokacin ko ka yi naka kafin kiran salla, ko ka mayar da shi bayan yara sun kwanta, kuma in na dare ne poomsae da miƙa kawai, ba tsallen igiya a kan masu barci ba.

Maganar "ina neman izini" ko "ki yi haƙuri" ba ta ɗorewa. Abin da ke ɗorewa musaya ce da za a iya gani da ido. Ka ɗauki maraicen Laraba, to Talata da Alhamis karatun ƴan biyu da wankansu naka ne, daga farko har ƙarshe, ba ka fara waya ta kira ka ba. Ka ɗauki safiyar Asabar, to maraicen Lahadi nata ne, ta je gidansu ko ta yi barci ko ta yi nata motsa jikin, kai ka riƙe duka ukun. Malamar lakwal ce, tana da satin jarrabawa da tarin takardun gyara. Ka tambaye ta ranakun tun farkon zango, ka san cewa a satin nan Larabarka ta faɗi. Ku rubuta a kalandar da ke bango. Abin da aka rubuta ba a gardamarsa ƙarfe 6 saura kwata ta waya.

In kuma ana neman inda lokaci yake ɓoye, ba a wajen yara yake ba, a fada yake. Mai zaman shayi awa biyu kowane dare ba zai ce ba shi da lokaci ba. Ran Laraba kulob shi ne fadarka, ba a haɗa biyun.

Asabar da safe tana da nata abokin hamayya a Yamai: suna da sassafe ake yi, ɗaurin aure kuma ya fi yawa a ƙarshen sati. Ka yanke ƙa'ida tun yanzu. Jana'iza, da sha'anin dangi na kusa da maƙwabcin ƙofa, sun fi antirenma, ba a ma tsayawa tunani. Gayyatar nesa kuwa ana iya zuwa barka da rana, ba wanda zai riƙe ka.

Ƴan biyu sun isa shiga, shekara 7 ba ta yi kaɗan ba. In kulob ɗin yana da ajin yara ran Asabar, to safiyar nan ta tashi daga lokacin da ka ɗauke wa gida ta koma lokacin da ka sauƙaƙa wa gida, don uwarsu ta rage da ƙarami shi kaɗai. Sharaɗi uku: nasu kada ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, kada ka tsaya gefe kana yi musu gyara a kan na metir ɗinsu, kuma in ɗaya ya ce ba ya so kada a tilasta shi don ɗan'uwansa yana so. Ka lissafa kuɗin tun kafin ka yi musu alkawari: kuɗin wata sau uku, lasisin shekara, kuɗin jarrabawar ɗamara, da dobok da suke fin ƙarfinsa kusan kowace shekara. A ware shi ranar da albashi ya shigo, kada ya fito daga kuɗin cefane.

Wankin dobok naka ne. A daren da ka dawo za ka jiƙa shi, ka shanya a rana da safe. Jiƙaƙƙen kaya da ya kwana a jaka shi ke kawo makero da ƙaiƙayin matsematsi, kuma daga kai yara za su ɗauka ta tawul da shimfiɗa.

Ga ƴan'uwa mata masu karantawa, lissafin ɗaya ne sai dai namu ya fi tsauri. Mai ciki ba ta faɗuwar judo, ba ta komba. Bayan haihuwa a bari arba'in ta wuce a ga unguwarzoma ko likita kafin a koma, wadda aka yi wa aiki kuma nata ya fi haka tsawo. A fara da tafiya da ƙarfafa mara, tsalle ya zo daga baya.

Ma'aikacin lafiya, Harobanda

Na yarda da Metir da Malama, zan ƙara ta fannin jiki.

Kwana biyu na kulob da minti 25 sau biyu ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tsarin nan ya cika wannan har da rara. Kafin ka fara, tunda ka haura 35 kuma ka daɗe a kujera, a auna maka hawan jini da sukari. In ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri wajen hawan bene, ko a danginku akwai wanda zuciya ta ɗauke yana da ƙuruciya, a duba zuciyar tukuna. Ka kuma san rukunin jininka ta fannin sikila. Mai AS yana wasa lafiya lau, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi yi masa haɗari, shi da yaransa in sun gada.

Zafin Afrilu da Mayu a Yamai yana haura digiri 40 da rana, kuma ƙarfe 6 na marece ɗakin kwano bai huce ba, balle in an ɗauke kuran fanka ta tsaya. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka farkon bazara a rage tsawon zagaye a ƙara hutu. Ruwa kuma ba a ƙofar kulob ake fara shan sa ba. Leda ɗaya ta rabin lita awa 2 kafin a fara, sannan kurɓi uku ko huɗu duk minti 15. Hanyar sanin naka adadin mai sauƙi ce: ka hau sikeli kafin antirenma da bayansa. Kowane kilo da ya ragu ruwa ne, a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi cikin awoyin da ke biye. Mai kilo 80 in ya rasa fiye da kilo 1.6, wato kashi 2 cikin 100, saurinsa da lurarsa sun riga sun ragu, a nan ake samun targaɗe. Wanda gishiri ke fitowa fari a kan rigarsa ya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsarin safe in ya yi duhu, ba ka biya na jiya ba.

In abokin antirenma ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko ya daina gane inda yake cikin zafi, ba gajiya ba ce. A cire masa rigar kare ƙirji da hula, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti ba tare da an daina jiƙa shi ba. Haka wanda ya sha shuri a ka ya ga jiri ko ya yi amai: ya gama na ranar, kuma ba shi zai tuƙa moto zuwa gida ba.

Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yanzu yana barin tsakiyar bazara yana nufar sanyi, abin ya ɗan yi sauƙi. Lokutan antirenma a cikinsa biyu ne. Ko minti 30 zuwa 40 kafin shan ruwa, na poomsae da miƙa kawai, a gida kusa da randa. Ko bayan asham, awa 2 da cin abinci, a yi mai ɗan ƙarfi na minti 45. Komba mai tsanani da baki a bushe ba shi da amfanin komai. Burin watan shi ne kada a yi asarar abin da aka tara, kuma sau biyu a sati ya isa hakan in ba a rage kaifin zagayen ba. Goman ƙarshe a bar wa ibada da hidimar salla.

Barci shi ne abin da magidanta ke fara sayarwa, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba. Ƙasa da awa 7 a kai a kai, jiki ba ya gyara abin da antirenma ya ɓata. Wanda zai tashi ƙarfe 5 ya kwanta 10. Ran Laraba jiki yana nan da zafi har wajen 10, don haka wanka da ruwa mai sanyi-sanyi, abinci mara nauyi kamar fura da nono, ko dambun zogale da ƙwai, ko shinkafa da wake kaɗan. Shayi mai kauri bayan isha'i a bar shi, don rabin abin da ke hana barci a cikinsa yana nan a jini bayan awa 5.

Magani kuma: ibuprofen da diclofenac kafin antirenma don a danne ciwo, a jikin da ke zubar da zufa, ƙoda suke wahalarwa. Tramadol kuwa ba ma a maganarsa, yana kama mutum, yana iya kawo farfaɗiya, kuma tun 1 ga Janairun 2024 yana cikin jerin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Da damina in zazzaɓi ya zo a yi gwaji, kuma ba a antirenma da zazzaɓi. Zazzaɓin cizon sauro yakan kumbura saifa, don haka bayan an gama magani a koma da sauƙi, a jinkirta karɓar shuri a ciki ko da rigar kariya. Lokacin hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya yi nasa a cikin ɗaki, maganin shaƙarsa yana cikin jaka.

Baban ƴan biyu, Talaje

Allah ya saka da alheri, Metir, Malama, da Malam na Harobanda. Maganar fada ta shige ni. Saura biyu. Aiki yakan tura ni cikin ƙasa, Tawa ko Damagaram, sati biyu ko uku. Yaya zan yi a can, kuma yaya zan dawo? Sannan in wata ya matse, ba zai yiwu in tara komai ran Asabar in yi awa 3 a huta ba?

Ɗan Adar, Tawa

Ɗan'uwa, in ka zo Tawa ka duba yadda ƴan kokowa ke yi. Gasar kokowa ta takobin ƙasa a nan aka fara ta a 1975, kuma akasarin masu shiga fili manoma ne da ƴan kasuwa da masu iyali. Shekararsu a rabe take: da damina gona ce, bayan girbi in sanyi ya shigo sai a ɗaure ɗamara a shiga horo mai nauyi. Kai ma raba taka haka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka ƙara kwana na uku in gida ya yarda, nan ne za ka ci gaba sosai. Maris zuwa Mayu riƙo kawai. Da damina ka sa ran hadarin marece zai cinye maka wasu Larabobin, ka tanadi na gida a madadinsu.

Kayan tafiya ba su da yawa: igiyar tsalle, takalmi, da robar cikin taya da aka yanka tsawon hannu biyu. A ɗaura ta a ƙarfen taga ko gindin bishiya, ɗaya bakin a idon sawu, a yi ɗaga gwiwa da shurin sannu 15 kowace ƙafa sau uku. Masu judo da ita suke maimaita shigar kayarwa in ba abokin yi. Kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a huta, minti 20 bayan asuba kafin motar aiki ta zo.

In ka samu rairayi ka yi tafiyar ƙafa a ciki, yana tausaya wa gwiwa. Amma yana gajiyar da sha-raɓa da agara fiye da yadda ake zato, don haka rabin abin da ka saba za ka yi ranar farko. Shurin juyi a rairayi mai zurfi a bar shi, ƙafar da ke ƙasa tana nutsewa ta ƙi juyawa, sai gwiwa ta juya a madadinta. Ka share wurin da ƙafa tukuna saboda ƙarangiya da fasasshiyar kwalba.

Metir, mai horar da taekwondo, Bukoki

Malama ta yi gaskiya a kan asubar sanyi, a bi nata.

Awa 3 ran Asabar, a'a. Bayan minti 90 ƙafar mai shekara 37 ta gaji, gwiwa ba ta ɗagowa, shuri yana fita a karkace, abin da kake maimaitawa a awa ta uku kuskure ne, kuma shi jiki zai haddace. Ga kwana shida na zama a tsakani, wanda ke sa kowace Asabar ta zama kamar ranar farko, da ciwon jiki har Talata. In wata ya matse, Asabar ɗin ta tsaya yadda take, ka kare minti 25 ɗin nan biyu. Ko sun koma minti 15, a yi su.

Dawowa daga tafiya ya danganta da tsawonta. Sati biyu, in ka yi abin da Ɗan Adar ya faɗa, ba ka rasa komai ba sai auna tazara, zama ɗaya na raket zai dawo da shi. Sati uku zuwa huɗu ba ka yi komai ba, numfashi ne ke fara raguwa, sai buɗewar ƙugu, fasahar kuwa tana nan. Zaman farko ka yi kamar kashi biyu cikin uku na abin da ka saba, shuri a tsayin ɗamara, ba komba. Zama na biyu raket da cikakken sauri. Komba sai sati na biyu. Kuma ranar da ka sauka daga motar Damagaram bayan wuni guda a zaune, ba ranar kulob ba ce ko da Laraba ce, bayan cinya a ɗaure yake, gida ma suna jiran ka.

Game da ɗamara, ka tambayi metir ɗinka ranar jarrabawa tun da wuri, ka zaɓi wadda ta faɗo cikin sanyi ba cikin azumi ko satin jarrabawar lakwal ba. Sati shida kafin ranar ka nemi Juma'a da marece a gida a matsayin aro, ka faɗi ranar da za ka mayar da ita, kuma in ranar ta zo ka mayar.